Shekarar Jiran Gurbin Karatu: Kada Ta Wuce Ka Hannu Rabbana

  Maganar yau ta ƙannenmu ce da ke zaune a gida, waɗanda suka gama sakandare bana ko bara, suka rubuta JAMB, amma har yanzu shiru.

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa gida Kakuri. Tun daga bakin layi na hango wani ƙanina, ɗan baffana, zaune kan benci a ƙofar gida ya duƙufa kan waya. Na ɗauka hira yake yi da abokai, ashe shafin JAMB yake buɗewa yana rufewa, ko Allah zai sa ya ga sunansa. Maki 171 ya samu, kuma likitanci ya cike. Bayan mun gaisa sai ya ce da ni, "Yaya, ni fa shekarar nan ta riga ta tafi, sai dai kuma baɗi." Maganar ta taɓa ni, domin irinta na faɗa wa mahaifiyata shekara uku da suka wuce, a kan wannan bencin dai. Kuma na san abin da ya biyo bayanta.

Ba kai kaɗai ba ne

A 2025, sama da mutum miliyan 1.9 ne suka rubuta jarrabawar UTME. A sakamakon da hukumar JAMB ta fara fitarwa cikin watan Mayu, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A taron da aka yi a watan Yuli an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin fasaha da na ilimi. Amma duk wanda ya taɓa neman gurbi ya san hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kwasa-kwasan da kowa ke rububi, irin su likitanci da lauya da aikin jinya da kwamfuta, wanda ya tsaya a kusa da 150 ko ƙanshinsu ba ya ji. Saboda haka duk shekara dubban ɗaruruwan matasa ke komawa gida su zauna, da yawansu ba don ba su da ƙoƙari ba.

A Ingila da Amurka akwai ɗaliban da da gangan suke ɗaukar irin wannan shekara tsakanin sakandare da jami'a, har suna da suna na musamman da suke kiranta da shi, kamar a ce shekarar tsakani. Yarima William na Ingila ya yi tasa a 2000, inda ya je ƙasar Chile aikin sa-kai. Malia, 'yar tsohon shugaban Amurka Barack Obama, ita ma ta yi a 2016 kafin ta shiga Jami'ar Harvard a 2017. Bambancinmu da su guda ɗaya ne, amma babba. Su da gurbinsu a aljihu suke tafiya, domin jami'a ta amince ta ajiye masu shi zuwa baɗi, sun san ranar farawa sun san ranar gamawa. Mu kuwa shekarar faɗo mana take yi. Babu wanda zai kira ka ya ce, "Wane, bana ba ka samu ba, je ka nemi abin yi." Ana cewa kashin farko ya fito, saura na biyu, saura na cike gurbi. Daga Satumba ka kai Disamba, daga Disamba ka kai Fabrairu, kana cewa ba za ka fara komai ba kada sunanka ya fito ka bar shi a tsakiya. Ga shi makin JAMB shekara ɗaya yake yi ya mutu.

A ganina nan ne asarar take. Jiran da ba shi da ranar ƙarewa shi ke cinye shekarar, ya fi rashin gurbin kansa ɓarna. Maganinsa kuwa a hannunka yake: ka yanke wa kanka cewa shekara guda ce cur kake da ita, ka tsara ta daga yau. In suna ya fito a tsakiya, alhamdu lillahi, ba a taɓa korar ɗalibi daga jami'a don ya zo da sana'a ba.

Lokacin da Kakuri ba ta san zaman jira ba

Mu 'yan Kakuri wannan abu ya fi yi mana ciwo, domin mun taso muna jin labarin wani zamani daban. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. A nan ake saƙa akoko. Bayanta sai ga su Nortex da UNTL da Arewa Textiles a cikin shekarun 1960. A 1964 aka kafa DICON mai ƙera kayan yaƙi, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Duk a wannan yanki namu na kudancin Kogin Kaduna. Kakuri da Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari suka cika da mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, shi ya sa har gobe a layi ɗaya za ka ji Hausa da Gbagyi da Tibi da Idoma da Yarabanci.

Kawuna ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Yakan ce mana a zamaninsu yaro yana gama makaranta yake zuwa bakin get da takardarsa, kuma da jiniyar canjin aiki ta kaɗa titi yake cika da kekuna har mota ta rasa hanya. KTL ta rufe a 2002, tun kafin a haife ni, sauran ma suka bi baya ɗaya bayan ɗaya. Mu dai dogayen katangu da tsatsattsun ƙofofi muka tarar.

Na kawo wannan tarihi ne don mu gane halin da muke ciki. Iyayenmu sun saba da hanya miƙaƙƙiya, daga makaranta sai aiki. Da ta toshe sai duk fata ya koma kan jami'a, har ya zama yaron da bai samu gurbi ba ana kallonsa kamar wanda ya faɗi a rayuwa. Alhali babu wani get da zai buɗe ya kira mu. Wanda bai tsara wa kansa ba, babu mai tsara masa.

Yadda tawa shekarar ta kasance

A 2022 na gama sakandare, na samu maki 176 a JAMB. A shekarar ne malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Sai na samu hujja. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai jami'o'in ma a rufe suke. In na yi sallar asuba sai in koma barci har ƙarfe goma, in sha shayi, in zauna a majalisa, da yamma in tafi gidan kallon ƙwallo, da dare in raba dare ina latsa waya. Wata biyar na yi a haka. Ban buɗe littafi ko sau ɗaya ba.

A cikin watannin ne wani mutum ya ce ya san manya a wata jami'a, zai samo mini gurbi. Mahaifiyata ta kwashe kuɗin adashinta, naira dubu arba'in, ta ba shi. Ya yi ta cewa mako mai zuwa, har ya daina ɗaga waya. Ranar da muka tabbatar kuɗin sun tafi ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta shiga ɗaki. Wannan shirun nata ya fi bulala zafi.

A farkon Janairun 2023 kawun nan nawa ya zo da sassafe ya ce in saka takalmi. Ya kai ni wurin wani abokinsa mai aikin wayarin da haɗa sola a Makera, ya ce masa, "Ga ɗanka nan, in ya yi wasa ka hukunta shi." Makon farko shara da ɗaukar tsani kawai na yi, ina jin kunya kada 'yan ajinmu su gan ni da buhun kayan aiki a kafaɗa. Mako na uku maigidan ya miƙo mini tasta da filaya ya ce in canza soket. Lokacin ana tsananin ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, wani lokaci mu gama aiki a rasa tsabar da za a biya mu, in taka da ƙafa in koma gida.

Abin mamaki, a lokacin ne karatuna ya gyaru. Da na san ƙarfe tara zan bar gida sai awa biyun bayan asuba suka zama masu tsada, na daina wasa da su. Bayan isha'i in yi tsoffin tambayoyin JAMB guda arba'in kafin in kwanta. Darasin lantarki a Fiziks, wanda na haddace a aji ba tare da na fahimta ba, sai ga shi a gabana a jikin waya da batir. A watan Afrilu na sake rubuta jarrabawa na samu 231. Yau ina aji biyu a jami'a, kuma gyaran fanka da soket a ɗakunan kwanan ɗalibai shi ke saya mini takardun darasi da sabulu.

Ban faɗi wannan don yabon kai ba. Ai wata biyar na zubar, kuma da kawuna bai zo ba ban san inda zan tsaya ba. Ina so ne kai ka fara daga inda ni na farga.

Da farko, gano abin da ya kayar da kai

Kafin komai ka zauna da wani yayanka ko malaminka da ya san harkar, ku duba takardunka. Mutane da yawa suna maimaita JAMB sau uku a kan matsala ɗaya da ba su gano ba.

Shin kana da kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi, kuma su ne darussan da kwas ɗin ke buƙata? In akwai giɓi, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, kuma yawancin makarantu suna karɓar haɗin zama biyu, ko da yake wasu kwasa-kwasan kamar likitanci sukan nemi zama ɗaya. Shin ka ɗora sakamakonka na sakandare a shafin CAPS na JAMB? Wanda ya cike fom yana jiran sakamako, ya fito bai koma ya ɗora ba, ko maki nawa ya ci ba za a ba shi gurbi ba. Shin darussa huɗun da ka rubuta sun dace da kwas ɗin? Kundin bayanan kwasa-kwasai da manhajar jarrabawar duk suna shafin hukumar kyauta, amma kaɗan ne ke buɗewa.

Sai kuma gaskiyar da ba a son ji: shin makinka ya yi daidai da burinka? Mai 171 da ya nace sai likitanci a babbar jami'a, kansa yake yaudara. Ko dai ya canza kwas ko makaranta tun ana ba da dama, ko ya amince zai sake zama ya yi shiri na gaske. Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ka lissafa, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wanda bai saba da aiki da agogo a gabansa ba, lokaci ne zai kayar da shi tun kafin rashin sani.

Batun masu cewa a kawo kuɗi kuwa, ku ɗauki darasi daga gidanmu. Duk gurbin da bai fito ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma zai iya hana mutum zuwa bautar ƙasa bayan ya gama wahalar shekara huɗu.

Akwai wasu ƙofofin

Jami'a ta hanyar UTME ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita. Karatu ne na kusan shekara guda a darussa uku, wanda ya ci da kyau sai ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, ka ga shekarar ba ta tafi a banza ba ke nan. ABU tana da makarantar share fage a Funtuwa, Jami'ar Jihar Kaduna ma tana da tata. Sai dai a yi hattara da cibiyoyin bogi, a tabbatar wurin yana da izini kafin a biya ko sisi.

Ga Kaduna Polytechnic nan a gabanmu, har da reshenta na Barnawa da ɗan Kakuri zai iya zuwa da keke. Ga Nuhu Bamalli a Zariya, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Mai difloma ko NCE mai kyau yana iya shiga jami'a aji biyu daga baya. Ga kuma jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, da ke da cibiya a Kaduna, wadda ta dace da mai son haɗa karatu da sana'a. Na san waɗanda suka raina poli suka zauna shekara uku suna jiran jami'a, har abokansu suka gama difloma suka shiga jami'ar suka bar su a gida.

Sana'a, amma da tsari

In ka yanke za ka sake rubuta JAMB, to rana tana da tsawo, karatu kaɗai ba zai cika ta ba. Wani zai ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni dai abin da na gani shi ne, wanda ya ce zai zauna gida ya yi karatu daga safe har dare, galibi barci da waya ke cinye shi. Awa uku na karatu kullum ba fashi sun fi awa goma na ranar da aka ga dama.

Ta fuskar sana'a Kaduna ba ta rage mu da komai ba. Tsallaka gada ka je Panteka a Tudun Wada ka ga dubban masu walda da kafinta da ƙera tukwane da injinan niƙa. A nan kusa, daga Makera zuwa Kasuwar Monday, akwai makanikai da teloli da masu gyaran waya da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ga shawarata wajen zaɓe. Na ɗaya, ka zaɓi abin da za ka iya riƙe wani ɓangarensa cikin wata shida zuwa tara, kuma kayan aikinsa za su shiga jaka ka tafi da su makaranta: ɗinki, aski, gyaran waya, wayarin, ɗaukar hoto, lalle, kitso, yin kek da cincin. Kanikanci sana'a ce babba, amma tana son shekaru. Na biyu, in da hali ka zaɓi wadda ta yi kusa da abin da kake son karanta. Mai son injiniya ya je gareji ko wurin sola, mai son harkar lafiya ya nemi kantin magani mai rajista, mai son aikin akanta ya roƙi ɗan kasuwa ya bar shi ya riƙa rubuta masa shiga da fita. Na uku, babba ya kai ka, kuma a faɗa wa maigida gaskiya tun ranar farko cewa kana shirin jarrabawa, za ka riƙa tashi da wuri, kuma wata guda kafin ta za ka ɗauki hutu. Rashin faɗin wannan ne ke sa a rabu baram-baram.

Na huɗu, ka nemi shaida a rubuce. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai matakai uku. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin takardar ƙwarewa ta NSQ ga masu aikin hannu. Gwamnatin jiha ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf a watan Yunin 2025. Ka je da ƙafarka ka tambayi yadda ake shiga, zuwa da kai ya fi saƙo.

Wanda sana'ar hannu ba ta yi masa ba, akwai wasu hanyoyin. Koyon kwamfuta yana kan gaba, domin akwai ɗaliban da ranar JAMB ce ranarsu ta farko da taɓa linzami. Ka koyi buga rubutu da sauri da aiki da Word da Excel, in ka ji daɗi ka leƙa shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da fasahar zamani. Akwai koyarwa a ƙananan makarantun kuɗi ko lesin na yamma. Albashin ba ya taka kara ya karya, amma wanda ya koyar da Lissafin aji shida wata tara ba zai sake jin tsoronsa ba. Akwai lambu a bakin Kogin Kaduna da rani, alayyahu da latas ba sa kai wata biyu a fara cira. Akwai aikin sa-kai a Red Cross ko 'yan agajin masallaci ko ƙungiyoyin matasa na coci. Wanda kuma ya daɗe yana burin sauka ko hadda, ba zai ƙara samun sarari irin wannan ba sai ya tsufa.

Inda ake zamewa

Dole in faɗi ɗaya gefen. Cikin waɗanda muka yi zaman jira tare, akwai wanda ya karɓi Keke Napep, akwai wanda ya zauna a rumfar POS. Da kuɗi suka fara shigowa kullum sai littafi ya yi nauyi. Lokacin rajista ya zo ya wuce suna cewa baɗi. Ba na cewa sun yi asara, ɗayansu yau shi ke riƙe da gidansu, kuma neman halal ba abin kunya ba ne. Na kuma san akwai gidajen da in yaro bai fita ba ba za a ɗora tukunya ba, irin waɗannan ba ni da bakin yi masu wa'azi. Abin da nake cewa shi ne, in za ka bar karatu, ka bar shi da saninka bayan ka yi shawara, kada ya sulale maka kana tsammanin kana riƙe da shi. Dabarar da ta taimake ni ita ce, kuɗin farko da na tara na ba mahaifiyata ajiya na ce na fom ɗin JAMB ne, ko na roƙa kada ta ba ni.

Mafi muni su ne waɗanda majalisa ta haɗiye. Daga cacar ƙwallo a waya sai bashi, daga bashi sai ƙwaya, wasu har su faɗa sara-suka ko bangar siyasa. Babu wanda ya fito gida da niyyar haka, zaman ne ya yi yawa.

'Yan uwana mata kuwa tasu ta fi tamu wuya. Yarinya tana zama gida sai aikin gida gaba ɗaya ya dawo kanta, in an ga shekara ta zagayo kuma a fara cewa tunda karatun bai samu ba ga wane yana so. 'Yar uwa, ki samu Umma ko Baba a lokacin da ransu yake sanyi, ki nuna masu tsarinki a rubuce: ga lokacin aikin gida, ga na koyon sana'a, ga na karatu, ga watan jarrabawa. Iyaye sun fi saurin ba da goyon baya in sun ga abu a ƙasa. In aure ya zo, ki roƙi a sa maganar karatun cikin abin da manya za su tattauna tun kafin a sa rana.

Iyayenmu kuma, don Allah a rage gori. Yaron da aka ce wa "ga ɗan wane can ya samu" sau goma a rana, majalisa zai gudu, domin can ne ba a tambayarsa. Ku tambaye shi me ya karanta yau, ku kai shi wurin sana'a da kanku kamar yadda aka kai ni.

Ka ɗauki biro

Yawanci tsakanin Janairu da Maris ake rajistar JAMB, a rubuta a Afrilu zuwa farkon Mayu.  Ka samu takarda ka rubuta abu huɗu: abin da ya hana ka samun gurbi bana, makin da kake nema baɗi, sana'ar da za ka fara ranar Litinin, da awannin karatunka na kullum. Ka tabbatar lambar NIN ɗinka da layin wayarka suna aiki, domin da su ake rajista. Ka manna takardar a bango inda mutanen gida za su gani. Shafin CAPS kuwa, sau ɗaya a mako ya isa.

Haka muka yi da ƙanin nan nawa kafin in dawo makaranta. Da muka duba sai muka tarar sakamakonsa na NECO ma bai ɗora ba. Ya ɗora, ya canza zuwa kwas ɗin da makinsa zai iya ɗauka, ya kuma ce ko bai samu ba zai sake gwada likitancin baɗi da shiri. Ranar Litinin baffa ya kai shi wani kantin magani a Barnawa. Jiya ya kira ni yana ƙorafin ƙafafunsa sun yi tsami saboda tsayuwa, na ce masa ya yi haƙuri, mako na uku zai daina ji.

Wanda ya taɓa yin irin wannan zama, ya rubuto mana ta hannun edita yadda ya yi da tasa shekarar, za mu buga don ƙannenmu su amfana. Allah Ya ba masu nema sa'a, Ya sa albarka a abin da muke koyo. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.